Ɗigon Koren da Na Bari a Ƙarƙashin Kujera

Ku da kuke ta cika mini waya da "ina labarin angonmu?", ku gyara zama, don yau ba dariya na zo ba ku ba. Waɗanda kuma yau suka fara cin karo da ni, bari in gabatar da kaina a gurguje. Ni ce yarinyar nan da take kwanciya a cikin motar mutane, ƙafa a waje, sukudireba a baki. A shagon Yayana nake aiki. Wufa ta hannu muke sayarwa, wato akwatin sautin nan da yake sa kiɗa ya riƙa dukan ƙirjin mutum, kuma mu muke ɗaura ta. Ba irin ƙatuwar nan mai cinye but ɗin mota ba. Tamu shafal take kamar faranti, a tura ta ƙarƙashin kujera ko a kwantar da ita a cikin safayar taya, a binne wayoyin a ƙarƙashin kafet. Ka shiga motar ka ji ƙasa tana rawa, ka waiga ko'ina ba ka ga komai ba. Abin da yake kawo mana mutane ke nan: ɓarawo ya leƙa ta gilashi, ya ga wayam, ya yi gaba.

Yaya ne mai ciniki, ni ce mai ɗaurawa, don hannunsa ya yi kaurin da ba ya shiga lungun kujera sai ya fito da jini. Umma kuwa tun ranar da na fara bin sa shago ba ta yafe mana ba. Kullum na dawo sai ta kama yatsuna ta juya su a gaban fitila.

"Dubi hannun 'ya mace, don Allah. Wane namiji ne zai ga wannan baƙin man ya dawo?"

Kuma gaskiyarta, ba sa dawowa. Akwai wanda ya zo shago zai ba ni mamaki, ya tarar da ni cikin rigar aiki, kaina a ƙarƙashin sitiyari. Shi ya sha mamakin. Har yau ina jiran "zan kira ki anjima" ɗinsa. Ƙannen bayana na dangi duk sun yi aure, kowane taro aka yi sai wata gwaggo ta dafa ni ta ce, "Auta, ke sai yaushe?" kamar ni nake riƙe da makullin.

Sai ga Mai Filaya. Haka na sa sunansa a wayata, saboda ranar farko da ya kawo wa Yaya kaya ya tarar ina fama da wata waya da ta maƙale, ya tsuguna a gefen motar da farar shaddarsa, ya miƙo mini filaya tun kafin in tambaya. Bai yi dariya ba, bai ce "mace da wannan aiki" ba. Cewa ya yi, "Ja ta hagu, Injiniya, akwai ƙugiya a nan." Wallahi a wurin na tafi. Shi ne yake kawo mana kayan hannu, waɗanda ake cirewa daga tsofaffin motoci a ƙasashen waje a loda a kwantena. Ya iya magana a hankali, ya iya gaida manya, turarensa kuwa yakan riga shi shiga shago ya kuma kwana bayan ya tafi. Umma ta gan shi sau ɗaya ta fara kiransa "ɗana".

Abin da ya fi kashe ni da shi, yana son aikina. Kowace yamma sai saƙonsa ya shigo: "Injiniyata, yau wace mota aka gyara wa murya?" Ni kuma jiki na rawa in tura hotuna. Ga motar daga gaba, ga inda na ɓoye wufar, ga yadda na bi da waya ba a gani. Ya turo alamar wuta, ya ce, "Hannunki na zinare ne. Mai motar me yake yi? A ina yake aiki?" In zauna in zuba masa labari tiryan-tiryan, ina jin daɗi wai na sami wanda yake sauraren shirmena. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Akwai kuma wata ɗabi'a tawa. A jikin kowace wufa akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa a saita ƙarfinta. Samari ba sa jin magana, suna fita daga shago za su murɗe shi har ƙarshe, su ƙona abin, su dawo suna rantsuwa ba su taɓa ba. Shi ya sa in na gama saiti nake ɗiga jan farce a gindin maɓallin. In an murɗa, ɗigon zai tsage, ƙarya ta ƙare. Jan farcen nan kuwa kore ne shar, mummuna na bugawa a jarida, wata ƙawata ce ta ba ni don ta rasa yadda za ta yi da shi. Ban taɓa ganin mai shafa irinsa ba, balle mai ɗiga shi a kan wufa.

Ranar da abin ya fara, ina tsaka da cire kujerar wata mota na ji an taka birki da ƙarfi a ƙofar shago. Malamar asibitin nan ce da na yi wa aiki kwanakin baya, mace mai fara'a, wadda ta ce tana so in ta taso daga aiki a gajiye ta kunna karatu ta ji muryar ta cika motar. Ranar babu fara'a. Gilashin gefen direba babu shi, an manna leda da salatif.

"Ina mai shagon?"

Yaya ya fito yana goge hannu. "Lafiya, Hajiya?"

"Zo ka gani da idonka."

Muka leƙa. An tura kujera baya, an ɗaga kafet, wufa ta tafi. Wayoyina da na jera kamar kitso an datse su, jar wayar batir tana lilo.

"A filin ajiye motoci na asibiti, da rana tsaka," ta ce. "Jakata tana kujerar baya, ba su taɓa ba. Rediyo yana nan. Kai tsaye ƙarƙashin kujera suka nufa. Ko mijina bai san a wace kujera take ba. Ni da ku kaɗai muka sani."

"Hajiya, me kike nufi?"

"Abin da ka ji. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Akwai wani malamin makaranta a layinmu, nan ya yi aiki, shi ma haka aka yi masa."

Yaya ya yi ta rantsuwa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuwa na tsuguna na naɗe bakin jar wayar da salatif kada ta taɓa ƙarfe ta tayar da wuta. Da za ta tafi ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Ke na yarda da ke, ƙanwata, shi ya sa abin ya yi mini ciwo." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan ta tafi Yaya ya zauna a kan benci ya dafe kai. "Auta, in maganar nan ta zaga gari, mun rufe. Wa zai kawo motarsa inda ake nuna wa ɓarayi hanya?"

Ba a yi mako ba Mai Filaya ya aiko da sabbin kaya, kwali biyu. Aikina ne in buɗe kowace wufa, in haɗa ta da batir ɗin gwaji, in saurara ko tana shaƙewa. Na ɗaga ta farko, lafiya. Ta biyu, lafiya. Da na ɗago wata daga ƙasan kwalin sai na ga wayoyinta gajeru, an yanke su a karkace. Wanda ya cire kaya cikin natsuwa yakan zare filogi ne, ba ya yanka. Na juya ta wajen maɓalli.

Ɗigon kore. Ko tsagewa bai yi ba.

Jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na kai shi hanci kamar mahaukaciya, na kankare gefensa da farce. Nawa ne. Har ɗan layin da burushin ya ja gefe, ranar da malamar asibitin ta ba ni dariya hannuna ya goce, yana nan.

Yaya yana waje yana ciniki. Na tura wufar can ƙasan akwatin kayan aikina, na rufa mata tsumma. Na san halin Yayana, in ya gani ba zai tsaya tambaya ba, sai dai a raba su a titi. Zuciyata kuma ta shiga kawo wa mutumin uzuri: ai dillali ne, wataƙila wani ya kawo masa ya saya bai sani ba. Na ɗauki waya.

"Kayan nan sun yi kyau. Duka na kwantena ne, ko ka haɗa da na 'yan gari?"

Yana gani ya amsa. "Haba Injiniyata, ni da kayan 'yan gari? Duka daga jirgi aka sauke su, ni na fasa kwalin da hannuna."

Na karanta ya fi a ƙirga. Wato jan farcena ya hau jirgi ya tafi ƙasar waje ya dawo.

Da na koma gida na tarar falo ya zama shagon yadi. Umma ta baje leshi a kan kujeru, ruwan zuma da ruwan toka, ga sabbin labule an rataya, har ƙanshin sabon kafet. Manyan Mai Filaya za su zo ranar Asabar su gana da Kawu, ƙanin mahaifinmu, wanda yake tsaye a kanmu tun rasuwar Abba.

"Zo nan, wanne za ki sa? Ruwan zuman ya fi haska ki. Kuma daga gobe ki jiƙa hannun nan a ruwan ɗumi, kada ki kunyata ni."

"Umma, da za a ɗan ɗaga zuwan nan..."

Ta ajiye leshin a hankali. "A ɗaga? Saboda me?"

"Ina so in ƙara saninsa ne."

"Ki ƙara saninsa." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Shekara nawa ina tashi da asuba ina roƙa miki? Allah ya kawo wanda ya gan ki cikin dattin mota ya ce ya ji ya gani, shi ne za ki ce a ɗaga? Ke wai so kike in mutu ban ga ɗakinki ba?"

Idonta ya kawo ruwa. Me zan ce mata? In ce ɗigon jan farce ne ya hana ni barci? Na ɗauki ruwan zuman na ce ya yi.

Na shiga ɗaki na bi hirarmu da shi tun daga farko. Ga motar malamar asibiti, lambarta ɓaro-ɓaro, ga hoton ƙarƙashin kujera, ga ni da bakina ina cewa "a babban asibiti take aiki, kullum motarta tana bakin bishiyar nan ta ƙofar baya." Ga ta malamin makaranta, ita ma haka. Na ji kunyar kaina har na rufe fuska da filo. Duk da haka, kada in yi muku ƙarya, ina son sa. Ina karanta "Injiniyata" zuciyata tana narkewa, ina duba hoton tana daskarewa.

Ana jibi za su zo, Kawu ya kawo motarsa shago, wai rediyonta yana ɗaukewa in ya faɗa rami. Kawu mutum ne mai son motarsa kamar 'yarsa ta fari. Tsohuwa ce, ruwan ƙasa, amma kullum tana sheƙi, ya shimfiɗa wa kujerun farin tawul, ba a cin komai a ciki. Shagon yadi gare shi a bakin babbar kasuwa, kuma shi da Mai Filaya ba su taɓa haɗuwa ba.

"'Yata, ki duba mini ita a hankali, ban yarda da hannun yayanki ba."

Waya ce ta saki a bayan rediyo, na ɗaure ta cikin ɗan lokaci. Ban saka komai a motar ba, ko ƙusa. Amma da na fito na tsaya a gabanta, sai na ji hannuna ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, har da lamba.

Da yamma saƙon ya shigo kamar kullum. "Injiniyata, yau wace mota aka gyara wa murya?"

Na daɗe ina kallon hoton kafin in tura. Na rubuta: "Wani dattijo mai shagon yadi ne. Ya sa na ɗaura masa babbar nan, wadda ta fi kowacce a shago."

"Iye! Tsoho da son kiɗa. A ina shagonsa yake?"

Na amsa masa: "Bakin babbar kasuwa. A bayan layin masu yadi yake ajiye ta kullum da safe."

"Ina hoton aikin? A ina kika ɓoye ta?"

"Wannan karon ba zan faɗa ba. Ka canka, in kai gwani ne."

Ya turo fuskar dariya. "Za ki sani ne, yarinya."

Na kife wayar. Abin da na gaya wa kaina shi ne, babu abin da zai faru. Asabar za ta zo, motar Kawu tana nan lafiya, in san cewa zargi ne kawai shaiɗan ya jefa mini, in je in jefar da waccan wufar in yi istigfari. Ban taɓa roƙon Allah ya kare wata mota kamar yadda na roƙa wa wannan ba. Juma'a ta wuce shiru. Na fara jin iska tana shiga ƙirjina, har na zauna na jiƙa hannuna a ruwan ɗumi kamar yadda Umma ta ce.

Asabar da hantsi gida ya cika. Gwaggonni biyu a kicin, ƙarar faranti, Umma tana zagaye falo da kaskon turare tana gyara filon kujera da aka riga aka gyara. Na sa leshin ruwan zuma, ɗinkin ya zauna ɗas, aka ɗaura mini ɗankwali, na yafa siririn mayafi. Na kalli madubi na ga wata kyakkyawa da ban sani ba. Umma ta leƙo, ta kama yatsuna ta juya su, karo na farko ba ta ce komai ba sai murmushi.

"Ina Kawunku ne? Ya ce zai leƙa shago ya dawo kafin azahar."

Ba ta rufe baki ba muka ji sallamarsa a tsakar gida, ba irin wadda ya saba ba. Na leƙa ta taga. Hularsa a hannu, babbar rigarsa ta shan biki duk ƙura, ɗan yatsansa naɗe da hankici da jini a jiki.

"Innalillahi! Kawu, hatsari kuka yi?" in ji Yaya.

"Ina fa hatsari. Na shiga shago ke nan in ba yara sallahu, ban fi rabin awa ba. Na fito na tarar sun fasa gilashi." Muryarsa ta karye, dattijo da furfurarsa. "Sun tumɓuke kujerun gaba, sun yage kafet, sun buɗe but sun jefar da safaya a kwata. Har bangon ƙofa sun ɓalle. Kuma ba su ɗauki komai ba! Rediyo yana nan. To me suke nema a motata? Me na yi wa mutane?"

Na dubi Yaya. Na ga lokacin da maganar malamar asibiti ta dawo masa, na ga ya juyo a hankali yana kallon tagar ɗakina. Na saki labulen.

Na zauna a bakin gado. Ni na jawo wa Kawu wannan, ni da hannuna, mutumin da ya biya mini makaranta. Duk da haka wata wawiyar murya a cikina tana cewa, kasuwa ce, ɓarayi sun yi yawa, wataƙila dacewa ce kawai.

A waje na ji tsayuwar mota, na ji buɗe ƙofofi da muryoyin dattawa suna sallama. Umma ta faɗo ɗakin tana haki.

"Sun iso! Shi ya kawo su da kansa, yana waje a mota. Kawunki ya shiga ya canza riga, maganar gilashi a bar ta sai sun tafi. Ke kuma goge fuskar nan, in an kira ki ki fito ki gaishe su. Auta, kin ji ni? Yau Allah ya share mini hawaye."

Ta fita da gudu. Wayata ta yi ƙara a kan gado. Mai Filaya.

"Injiniyata, mun iso, ina ƙofar gidanku, gabana sai faɗuwa yake kamar ɗan jarrabawa."

Kafin in ajiye, wani ya sake shigowa, da fuskar dariya a ƙarshensa.

"Af, na sallama, kin ci gasar. Motar mai yadin nan, ba ta ƙarƙashin kujera, ba ta cikin safaya, ba ta jikin ƙofa. Don Allah faɗa mini, a ina kika ɓoye ta?"

Ban taɓa gaya masa wuraren da wufar ba ta nan ba; sai wanda aka bincika masa motar ne zai sani.

Daga falo na ji Kawu, da yankakken yatsansa, yana cewa baƙi, "Marhabin, marhabin da surukai." Umma ta ɗaga labule tana yafito ni, fuskarta kamar an ba ta duniya. Na miƙe da wayar a hannuna. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ya tare hanya, ya miƙo mini tafin hannunsa.

"Auta," ya ce a hankali, "wa kika nuna wa motar Kawu?"